Ibrahim Narambaɗa Tubali: Makaɗin da Ke Sa Dattawanmu Yin Shiru

A filin tarihin magabata na wannan fitowar, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta ɗauko muku tarihin wani mutum da ya bar duniya tun ba a haifi iyayen yawancinmu ba, amma da wuya a samu ɗalibi ɗaya a cikinmu da bai taɓa jin muryarsa ba. Shi ne Makaɗa Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa.

Abin da ya kai mu ga zaɓensa wani abu ne da muka daɗe muna gani a gidajenmu da majalisun unguwanninmu a nan Birnin Tsaba. Bayan sallar isha'i dattawa za su zauna a kan tabarma ana gardamar farashin taki ko na gero, murya na hawa kan murya. Sai wani ya kunna rediyo, ko ya taɓa wayarsa, kotso ya fara tashi a hankali, wata tsohuwar murya ta biyo baya. Nan take gardama ta mutu. Wani ya sunkuyar da kai, wani ya riƙe gemu, wani yana motsa leɓe yana bin amshi ba tare da ya ɗaga murya ba. In waƙar ta ƙare sai ka ji an yi ajiyar zuciya, a yi wa mamata addu'a, sannan a koma hira.

Mu yara abin ya riƙa ɗaure mana kai. Waƙar yabon sarki ce, cike da kirari da zuga da ambaton dawaki da riguna. To me ya kawo jimami a cikinta? Wannan tambayar muka ɗauka muka kai wa malaminmu na Hausa da dattawan gidajenmu, muka kuma zauna muka saurari waƙoƙin da kunnenmu. Ga abin da muka samo.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Ibrahim a garin Tubali, cikin tsohuwar ƙasar Isa, a ƙarshen ƙarni na 19. Wato ya zo duniya kafin Turawa su ci Sakkwato a watan Maris na shekarar 1903. Ya buɗe ido a zamanin da ba mota, ba rediyo, ba makarantar boko a wannan yanki. Tafiya a ƙasa ake yi ko a kan jaki ko doki, labari kuwa bakin fatake da maroƙa ne ke ɗauke da shi daga gari zuwa gari.

Sunan mahaifinsa Maidangwale. Masu nazarin tarihinsa sun nuna cewa kiɗa ta wajen uwa ya zo masa. Mahaifiyarsa 'yar Badarawa ce, garin da ke cikin ƙaramar hukumar Shinkafi a yau, kuma daga gidan makaɗa ta fito. A al'adar Bahaushe sana'a ta wajen uba aka fi gadonta: ɗan maƙeri ya tashi a maƙera, ɗan mahauci ya tashi a mahauta. Ibrahim ya bi ta ɗaya ƙofar, ya ɗauki kotson dangin mahaifiyarsa, ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa.

Laƙabin da ya binne sunansa na yanka ma yana da labari. Kamar yadda ake faɗa, yana da wata karya da ake kira Rambaɗa, sai mutane suka riƙa ce masa Na Rambaɗa, wato mai Rambaɗa. Sunan tsokana ne, irin wanda muke laƙaba wa juna a aji. Yau ga shi a bangon littattafai da takardun jami'a.

Daga gona zuwa fada

Narambaɗa da waƙoƙin noma ya soma. A wancan zamani in mai gona ya kira gayya, samarin gari za su jeru kowa da kuyyarsa, makaɗi yana biye da su yana kiran sunan kowa, yana zuga mai ƙwazo, yana yi wa rago shaguɓe. A nan makaɗi ke koyon abubuwan da ba a koya a zaune. Dole ya san sunan kowa da na ubansa da na kakansa. Dole ya ƙirƙiri magana nan take, domin mai garma ba zai tsaya jiransa ba. Dole kuma kiɗansa ya tafi daidai da saukar hauya. Duk wanda ya saurari waƙoƙin fada na Narambaɗa da kyau zai ji saurar wannan makaranta a cikinsu, musamman yadda yake jero asalin mutum ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Daga gona sunansa ya kai kunnen masu sarauta, har ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Ahmadu. A nan ya kamata mu warware wa 'yan uwa wani abu da ke rikita mutane. Tsohuwar daular Gobir tana da hedikwata a Alƙalawa, wadda ta faɗi a hannun masu jihadi a shekarar 1808. Bayan haka sarautar Sarkin Gobir ta kasance a wurare fiye da ɗaya: akwai ta a Tsibiri kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, akwai ta a Sabon Birni, akwai ta kuma a Isa. Gidan sarautar Isa na zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ya sa za ku ji Narambaɗa yana yawan danganta ubangidansa da Bello da Shehu.

Sarkin Gobir Ahmadu ya daɗe a kan gado, tun zamanin Turawa har bayan samun 'yancin kai, kuma mafi yawan waƙoƙin Narambaɗa da muke ji a yau nasa ne. Makaɗin fada ɗan gida ne. Sarki ke ba shi riga da doki da hatsi, shi kuma ya tsaya a ƙofar fada ranar Juma'a da ranakun salla da ranar naɗin sarauta, ya bi sarki in zai yi tafiya. Amma bai tsaya a Isa kaɗai ba. Ya yi wa masu sarauta a Shinkafi da Zurmi waƙa, ya yi wa hakimai da alƙalai. Ashe ƙasar da muke takawa kullum tana cikin ƙasar da ya taka da mutanensa.

Zamaninsa zamanin sauye-sauye ne. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, aka shiga kwasar gyaɗa da auduga zuwa kudu. En'e ta kafu, da alƙalanta da 'yan dokanta da malaman haraji. Mota ta shigo, rediyo ya shigo. Duk wannan ya faru a kan idonsa, shi kuwa bai sauya kayan aikinsa ba.

Kotso da 'yan amshi

Kotso ganga ce ta sarauta. Ana sassaƙa ta da itace, tsakiyarta a matse, a rufe baki ɗaya da fata a bar ɗayan a buɗe. Tana da tsirkiyoyi a jikinta, makaɗi ya rataya ta a kafaɗa ya danne ta a hammata. In ya matsa tsirkiya murya ta hau, in ya saki ta sauka, shi ya sa ake cewa kotso magana take yi. Da hannu ake kaɗa ta, ba da makaɗi irin na kalangu ba, don haka sautinta yake da taushi, ba ya huda kunne. Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, waɗanda su ma 'yan ƙasar Zamfara ne, da kotso suka yi aiki.

Makaɗin fada ba ya waƙa shi kaɗai. Akwai shi jagoran, akwai 'yan amshi waɗanda a nan wajenmu aka fi kira 'yan karɓi, akwai kuma sanƙira mai jefa kirari da ƙarin bayani a tsakanin waƙa. Kowace waƙa tana da gindi, wato jimlar da ake komawa gare ta, sannan tana da ɗiya, wato sassan da ake jerowa ɗaya bayan ɗaya. A waƙoƙin Narambaɗa za ku ji ya fara magana ya sake ta a tsakiya, 'yan karɓi su cafe su ƙarasa, kamar mutum ɗaya ne mai baki da yawa. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an tsara waƙar, an yi ta maimaitawa har ta zauna a ƙirjin kowa. Ba takarda, ba alƙalami. Shi ne mai tsara maganar, shi ne mai ɗora mata karin murya, shi ne kuma mai rera ta.

Mu da muka tashi a zamanin waƙar sitidiyo ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani. Waƙar yau da fiyano ake haɗa ta, kwamfuta ta gyara muryar mawaƙi, in ya yi kuskure a goge a sake. A waƙar Narambaɗa babu lantarki ko kaɗan. Fata ce da itace da tafin hannu da maƙogwaron 'yan Adam. Abin da aka ɗauka a faifai shi ne abin da ya fito daga bakinsu a wannan zama, har da numfashinsu.

Abin da ke cikin waƙoƙin

A sama waƙoƙin yabo ne. Yana kiran ubangidansa da sunayen manyan namun daji, yana jero iyaye da kakanni, yana ambaton kyauta da wanda ya yi ta. Yana kuma yi wa abokan hamayyar sarki zambo da habaici, musamman 'yan sarkin da ke hangen gadon da ba su samu ba. Ba ya kama suna, sai dai ya siffanta mutum ta yadda duk wanda ke fada zai san da wa ake.

Amma a tsakanin yabo da zambo akwai wani abu na uku, wanda shi ne ya sa malaman jami'a ke kiransa mai falsafa. Yakan tsaya a tsakiyar kirari ya yi magana a kan haƙuri, a kan gaskiya da ƙarya, a kan yadda mulki da arziki suke a hannun Allah, a kan yadda duniya ke juya wa mutum baya bayan ta yi masa dariya. Yakan ɗauko misali daga abin da kowa ya sani, kamar gulbi da rani da damina da halin dabbobi, ya gina magana a kai har ta zama kamar karin magana. Da yawa daga cikin maganganun da dattawanmu ke jefawa a hira, in ka bi sawunsu, a bakinsa za ka tarar da su.

Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Bakandamiya, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Ahmadu. A cikinta bai tsaya ga yabon sarki ba, ya juyo ya yi magana a kan kansa da gwanintarsa da matsayin waƙar a cikin waƙoƙi. A yau in Bahaushe ya ce wannan ita ce bakandamiyar wane, yana nufin aikinsa da ya fi kowane. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a shekarar 1999, shi ma yana da tasa Bakandamiyar. Akwai kuma waƙar Dokin Iska Ɗan Filinge, wadda ya yi wa wani dokin sukuwa. Filinge gari ne a Jamhuriyar Nijar. Wanda ya saurare ta zai ji yadda aka ɗauki dabba aka yi mata kirari kamar basarake, kuma kiɗan kansa yana tafiya kamar sawun doki.

Harshen da ya yi waƙa da shi

Wani abin da ya ba mu mamaki da muka zauna saurare shi ne, Hausar da ke cikin waƙoƙin ita ce Hausar kakanninmu. Inda littafin makaranta ke cewa muka, shi munka yake cewa. Inda littafi ke cewa yana, shi shina yake cewa. Za ka ji ɗiya a wurin 'ya'ya, ka ji hwaɗi a wurin faɗi. Wannan karin harshe na ƙasar Sakkwato da Gobir da Zamfara shi ne wanda wasunmu ke jin kunyar yi in sun je Gusau ko Kano, don kada a ce musu 'yan ƙauye. Ga shi kuwa da shi aka yi waƙoƙin da ake nazari a jami'o'i.

Daidaitacciyar Hausa ita ce ta rubutu da jarrabawa, kuma dole mu iya ta. Amma wanda ya iya ta ya kuma riƙe harshen gidansu ya fi wanda ya yar da ɗaya. Ɗalibin Kano sai ya nemi mai yi masa fassara kafin ya gane wasu ɗiyan waƙar Narambaɗa. Mu kuwa kakarmu da ke zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale ta isa ta warware mana su. Duk da haka mun ci karo da kalmomi da yawa da mu ma ba mu sani ba: sunayen kayan doki, sunayen riguna, sunayen sarautu, da kalmomin yaƙi da na noma da suka fita daga bakin mutane. Waɗannan sai tsofaffi.

Daga ina jimamin yake fitowa?

Yanzu mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Da muka tattara abin da dattawa suka gaya mana da abin da muka ji da kunnenmu, mun ga dalilai huɗu.

Na farko shi ne sautin kansa. Kotso ba ya gaggawa. Muryar da aka ɗauka kuma muryar dattijo ce, domin na'urar ɗaukar magana ba ta riske shi ba sai a ƙarshen rayuwarsa. Ga kuma ƙarar tsohon faifai da ke bin waƙar kamar yayyafi a kan rufin kwano. Ko ba ka gane kalma ɗaya ba, za ka ji cewa daga nesa muryar take zuwa.

Na biyu shi ne sunaye. Kowace waƙa cike take da sunayen mutane: sarki, hakimai, fadawa, alƙalai, attajirai, masu kyautar riga da masu kyautar doki. A ranar da aka yi waƙar suna zaune a wurin, ana kiran sunansu suna murmushi. Yau an daɗe da binne su. Dattijon da ke saurare ya san wasunsu, ko ya san 'ya'yansu, ko ya ji labarinsu a bakin mahaifinsa. Waƙar da aka yi don murna ta koma kamar kiran sunayen mamata, shi ya sa addu'a ke biyo bayanta.

Na uku shi ne, shi kansa Narambaɗa bai ɓoye wa ubangidansa zancen ƙarewar duniya ba. Duk lokacin da ya jero kakannin sarki don ya ɗaukaka shi, yana kuma tuna masa cewa waɗancan sun riƙe abin da yake riƙe, sun tafi sun bar shi. Yaro kirarin yake ji. Wanda ya binne iyayensa da abokansa kuwa wannan tunatarwar ce ke shiga kunnensa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi taɓa mu, domin ya shafi rayuwarmu ta yau. Narambaɗa da mutanensa sun yi ta zirga-zirga tsakanin Tubali da Isa da Shinkafi da Zurmi, su kwana inda dare ya yi musu. Dattawanmu sun ba mu labarin zamanin da mutum zai ɗaura wa jakinsa kaya da tsakar dare ya kama hanyar kasuwar Shinkafi, ba abin da yake tsoro sai kura. Mu ba mu san wannan zamani ba. Mun tashi muna jin sunayen garuruwan nan a labaran hare-hare da satar mutane. Akwai 'yan ajinmu da iyayensu suka baro ƙauyukansu da gonakinsu. A watan Satumba na shekarar 2021 an rufe makarantu a jihar nan, an katse layukan waya, an dakatar da kasuwannin mako. A waɗancan kwanaki da ba kira ba saƙo, rediyo da memori ne suka rage wa mutane, kuma a gidaje da yawa wannan tsohuwar murya ce ta riƙa ɗebe kewa. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In dattijo ya ji an ambaci garin da ya yi ƙuruciya a cikinsa, garin da yau ba ya iya zuwa ko ta'aziyya, me zai yi in ba shiru ba?

Abin da bai kamata mu ɓoye ba

Tarihi ba kirari ba ne, don haka dole mu faɗi ɗaya gefen. Narambaɗa makaɗin masu mulki ne. Abincinsa a fada yake, kuma idon fada yake kallon duniya da shi. Talakan da ke biyan haraji da Bafillacen da ke biyan jangali ba su ne taurarin waƙoƙinsa na fada ba. Wanda aka yi wa zambo kuma ba shi da bakin ramawa, ko da shi ne mai gaskiya. Wanda ke son jin kukan talaka a waƙa sai ya nemi irin su Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a shekarar 2015, mai kuntiginsa shi kaɗai, wanda ya yi wa karen mota waƙa. Wanda ke son jin duniyar mafarauta da 'yan tauri kuma ga namu Kassu Zurmi.

Mun kuma san akwai iyaye da malamai da ba sa son zancen kiɗa da roƙo, kuma muna girmama ra'ayinsu. Ba muna kiran kowa ya bar karatu ya ɗauki ganga ba ne. Adabin baka yana cikin darasin Hausa da muke rubuta jarrabawa a kansa, kuma waɗannan waƙoƙi rumbu ne na harshe da tarihi. Mai hankali yakan shiga rumbu ya ɗebi tsaba ya bar ƙaiƙayi.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Allah ya yi wa Narambaɗa rasuwa a farkon shekarun 1960, a daidai lokacin da Nijeriya ke fara tafiya da ƙafarta. Bai ga ƙirƙiro jihar Sakkwato ba, balle ta Zamfara da aka yi a shekarar 1996, wadda ta sa Isa ta zauna a jiha ɗaya, Shinkafi da Zurmi a wata. Waƙoƙinsa ba su san wannan iyaka ba.

Abin da ya iso gare mu shi ne abin da aka samu ɗauka a faifai. Mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana waƙa kafin na'ura ta zo, babu shakka ya yi waƙoƙin da suka tafi tare da waɗanda suka ji su. Waɗanda suka tsira kuwa sun yi doguwar tafiya: daga faifan gidajen rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa memori, yau ga su a intanet. Gidajen rediyo na Kaduna da Sakkwato da Gusau sun taimaka ƙwarai wajen raya su.

Masana ma ba su bar shi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kawo tarihinsa a cikin ayyukansa a kan makaɗa da mawaƙan Hausa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum mai suna Narambaɗa. An kuma yi taron masana a kansa a Jami'ar Bayero ta Kano. Mutumin da bai zauna a aji ba, yau ana samun digiri da maganarsa.

A cikin wata waƙarsa ya taɓa cika baki da cewa mutuwa ba za ta raba shi da duniya ba. Wanda ya ɗauki maganar a kan fuskarta zai ce ya yi saɓo, domin kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, shi ma ya ɗanɗana. Malaminmu ya nuna mana cewa aikinsa yake nufi. Fiye da shekara sittin ke nan, kuma har yanzu in ya buɗe baki a majalisa, masu rai ne ke yin shiru.

Aikin da ya rage mana

Faifai yana adana sauti, amma ba ya adana ma'ana. Ma'anar tana cikin kawunan tsofaffin da suka san waye wane a cikin waƙar, suka san abin da ya faru har aka yi wani habaici, suka san sunan kowane ɗinki da kowane kayan doki. Waɗannan tsofaffi raguwa suke yi kowace shekara, wasu ta hanyar ajali, wasu kuma gudun hijira ya watsa su garuruwan da ba mai tambayarsu. In suka ƙare, za a wayi gari muna da waƙoƙin a wayoyinmu amma ba mu san abin da suke faɗa ba.

Saboda haka Ƙungiyar 'Yan Jarida tana roƙon kowane ɗalibi da ya yi abu ɗaya a wannan hutun da ke tafe. Ka zaɓi waƙar Narambaɗa guda ɗaya. Ka zauna da kakanka ko kakarka ko wani dattijon unguwa, ku saurare ta tare daga farko har ƙarshe. Ka rubuta kalmomi goma da ba ka gane ba, ka tambayi ma'anarsu, ka rubuta. In an ambaci wani gari ko wata sarauta, ka tambayi labarinsu. 'Yan uwanmu mata, ku ma wannan aikin naku ne, domin tsofaffin mata sun riƙe kalmomin da maza suka manta. In an dawo hutu a jefa takardun a akwatin ƙungiya da ke kusa da wannan allo, da suna da aji. Za mu tace su tare da malamanmu na Hausa, mu liƙa waɗanda suka fi kyau a fitowa ta gaba.

Muna kuma roƙon malamanmu, in da hali, a ware mana darasi ɗaya a zango a shigo da rediyo aji, mu saurari waƙa guda tare, a warware mana ita ɗa bayan ɗa.

Allah ya jiƙan Ibrahim Narambaɗa da sauran magabatanmu, ya gafarta musu kurakuransu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda da Isa da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa. Amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.